Kekunan da Suka Sha Man Gyaɗa

"Shinshina mana, Baba. Ka shinshina, sannan ka ce ƙarya nake yi."

"Ke, ɗauke mini tsumman nan daga hanci. Tun kina nesa na ji. Wannan ai yaji kawai ya rage a barbaɗa."

"To ka gani. Na Kara ke nan. Da na buɗe cikin keken, wallahi sai ka ce tukunyar ƙuli-ƙuli na buɗe."

Baba Abdulmumini ya yi dariya har hularsa ta karkace. Shi ne tsohon mai gyaran keken ɗinki a kasuwar Gwarzo, rumfarsa tana jikin tawa, inda nake sayar da zare da allura da maɓallai. Mai riƙe da tsumman kuwa Naja'atu ce, almajirarsa a wannan sana'a, 'yar Garo da ke aure a Kara. Ta ajiye jakar kayan aikinta a kan bencina, ta zauna tana fifita da gefen hijabi.

"Keke nawa ke nan, Injiniya?" Baba ya tambaye ta.

"Goma sha ɗaya."

"Saura na Lakwaya."

Ta ɗauki kwalin allura tana jujjuyawa.

"Gobe fa Alhamis," in ji Baba.

"Na sani."

"Wa ya aike ki ki ce duka goma sha biyun? Da goma kika ce, da yanzu kina gida kin miƙe ƙafa kina dama fura."

"Baba, da na ce goma, ai na yarda ke nan an sayar da biyu. Kuma ba a sayar ba."

Ga abin da ya sa goben ta yi nauyi. Akwai wata cibiyar koyon sana'a a Kabo da ke ɗaukar matasa daga ƙauyukan Kabo da na Gwarzo. Bara ta yaye 'yan mata goma sha biyu a ajin ɗinki, aka ba kowacce keke sabo fil. Da shekara ta zagayo, jami'in cibiyar, Malam Hadi, ya fita zagaye ya ga yadda suke ciki. Yawancinsu sun yi aure, kuma baƙon namiji ba ya wuce zaure. Duk gidan da ya yi sallama maigida ne ke fitowa, ya ce ai ta daina ɗinki. Malam Hadi ya koma ofis ya rubuta cewa an sayar da kekunan, ya ba da shawarar a rufe ajin mata, a ba samari gurabensu. A cikin masu jiran shiga ajin bana har da Bushira, ƙanwar Naja'atu.

Da labarin ya iso mata, Naja'atu ta hau mota har Kabo. Ta ce masa babu wadda ta sayar, kekunan suna nan duka goma sha biyun, ciwo kawai suke yi. Malam Hadi ba mugun mutum ba ne, amma yana son abin da zai iya nunawa na gaba da shi. Ya ce ya ba ta mako biyu. Ranar Alhamis ta biyu zai bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a zaure, ya miƙa ƙyalle. Idan ya ji ƙarar keke, aka dawo masa da ƙyallen an kalmashe bakinsa, ya yarda. Amma tunda ita ce ta ce duka, to ko ɗaya ya yi shiru, takardarsa za ta tafi yadda take.

Ni ma ban taɓa wuce zauren gidajen nan ba. Abin da na sani na ciki, da na rayuwarta, a bakinta na ji shi kaɗan-kaɗan, tana zaɓar allura a teburina.

A Garo aka haife ta, ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta manomin dawa ne da gyaɗa. Ta ce tun tana ƙarama ba a barin ta ita kaɗai da tocila ko rediyo. Ta taɓa kwance rediyon mahaifin nata da bakin wuƙa, ta mayar da shi, aka samu ragowar ƙusoshi biyu, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Tsohon ya daɗe yana duban ƙusoshin nan a tafin hannunsa, sannan ya ce ashe dama masu rediyon ɓarna suke yi.

Bayan ta gama ƙaramar sakandare ta zauna a gida shekara biyu, har aka buɗe cibiyar. Ranar rajista takarda biyu ta tarar a bango. Ta samari tana ɗauke da walda da gyaran babur da gyaran waya. Ta 'yan mata tana ɗauke da ɗinki da saƙa da yin sabulu. Ta je ta tsaya a layin gyaran babur. Mai rubuta sunaye ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, ɓata kika yi, ga layinku can." Samarin suka bushe da dariya. Ta ce ba dariyar ce ta dame ta ba, yadda mutumin ya faɗa da ladabi ne, shi har ga Allah taimakonta yake yi.

Haka ta shiga ajin ɗinki, tun kafin ajin 'yan matan nan goma sha biyu, kuma ita da bakinta take cewa ba a taɓa yin ɗaliba marar hannu irinta ba. Rigar farko da ta ɗinka wa mahaifinta, ta haɗa bakin aljihun ta ɗinke. Ya sa abinsa ya tafi masallacin Juma'a, sai da ya zo ba da sadaka ya yi ta laluben ƙofar aljihu bai samu ba. Amma da zarar keken wata ya cije, kafin malama ta waiwayo Naja'atu ta durƙusa a ƙarƙashinsa.

Baba Abdulmumini ne cibiyar take kira duk wata uku ya duba kekunan ajin. Wani zuwa da ya yi, ya bi su ɗaya-ɗaya bai sami abin gyarawa ba. Ya tambaya wane ne yake ci masa abinci a bayan idonsa. Aka nuna masa wata siririyar yarinya da baƙin mai a farce. Ta roƙe shi ya koya mata. Ya ce shi shekara arba'in yana sana'ar nan bai taɓa koya wa mace ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Yana cikin faɗin haka wata 'yar ƙusa ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Idonsa ya riga ya fara rauni, ya yi ta shafa siminti. Ta tsuguna ta ɗauko, ba ta miƙa masa ba, ta ɗaura ta a inda ta fito. Da zai tafi ya ce idan mahaifinta ya yarda, ta riƙa zuwa rumfa ranar kasuwa.

Mahaifin ya yarda. Da aka zo maganar aurenta da Lukuman, wani manomin albasa a Kara, ita ta fara gaya masa cewa da jakar sukudireba za ta tare. Ya ce ya ji, in dai za ta riƙa duba masa injin ban-ruwa. Har yau in sun yi 'yar gardama, cewa yake yi shi kaɗai ne a Kara ya auri makanike, ita kuma ta ce shi kaɗai ne injinsa bai taɓa kwana a lalace ba.

A zaman rumfa ta lura da wani abu da Baba bai taɓa damuwa da shi ba. Telolin kasuwa ne kawai suke kawo gyara. Matan da ke ɗinki a cikin gida, kafin kekensu ya iso Gwarzo sai an kwance kan, an ɗaure shi a bayan babur, an sami ranar da maigida ba ya gona. Wani a kawo shi da ciwo ɗaya, ramukan hanya su ƙara masa biyu. Sai ta fara bin gidaje da jakarta. Inda Baba zai tsaya a zaure, ita sallama kawai take yi ta shige har ɗaki.

Shi ya sa ta san abin da Malam Hadi bai sani ba. 'Yar kwalbar man da aka haɗo da kowane keke ta ƙare cikin wata biyu, kuma a ƙauye babu mai sayar da shi. Man gyaɗa kuwa babu gidan da babu. A wani biki aka ji wata dattijuwa ta ce ai mai mai ne, nata ma ya fi na kanti tsabta. Magana ta bi 'yan matan gida-gida. Makon farko keke ya riƙa gudu kamar an yi masa tausa. Bayan 'yan watanni man ya haɗu da ƙura da burbushin zare, ya daskare ya zama kamar ƙaro, keke ya ƙi motsi. Kowacce ta ɗauka ita ce ta lalata kayan da aka ba ta amana. Kunya ta sa suka lulluɓe kekunan da zane, suka ɗora kwanuka a kai, suka ce wa mazansu sun gaji da ɗinki.

Cikin kwana goma sha biyu Naja'atu ta tashi goma sha ɗaya. Ta kwance, ta jiƙa da kananzir, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta ɗiga man keke, ta bar wa kowacce kwalba guda. Na sha biyun shi ne na Sa'adiya a Lakwaya, kuma surukar Sa'adiya, Inna Zulaiha, ita ce dattijuwar nan ta wurin biki. Sana'arta ke nan tun tana amarya, matsar man gyaɗa, har daga Gwarzo ake aika mata galan. Zuwan farko Naja'atu ta yi kuskure. Tana buɗe keken, a gaban mata uku da suka zo sayen mai, ta ce, "Man gyaɗa ne ya kashe shi." Inna Zulaiha ta ajiye muciya, ta ce man da ya raini 'ya'ya tara ba zai kashe ƙarfe ba, kuma ƙofar da aka shigo ta nan ake fita.

"Yanzu me za ki ce mata?" Baba ya tambaya a safiyar Larabar nan.

"Ban sani ba. Gaisuwa dai zan je."

"Ki tafi da goro."

"Ba ta da haƙoran goro, Baba." Ta juyo wajena. "Mahbub, ba ni man keke kwalba ɗaya, da allura mai lamba goma sha shida. In an kore ni na dawo maka da su."

Abin da ya faru a Lakwaya ranar, daga baya ta ba ni labari. Ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta tambayi jiki da jikoki da kasuwa. Inna tana amsawa a taƙaice, ba ta ko dube ta ba, domin tana fama da injin niƙan gyaɗarta na hannu. Tana juyawa yana kuka, gyaɗar tana fitowa tsaki-tsaki. Naja'atu ta ce, "Inna, kawo in karɓe ki." Ta juya sau uku, ta ji inda ciwon yake. Ta nemi izini ta kwance shi a kan tabarma, ta kankare tsatsa, ta ɗaure abin da ya saki. Da ta zo sa mai, Sa'adiya ta miƙo mata kwalbar man keke daga jaka. Naja'atu ta ture.

"A'a. Wannan abinci yake niƙawa, man kanti ba ya shiga nan, guba ne. Inna, a san mini naki, mai kyan."

Inna Zulaiha ta dube ta a karo na farko. Ta tashi da kanta ta ɗebo a ludayi. Aka shafa, aka ɗaure, injin ya riƙa juyawa da yatsa biyu, gyaɗa tana fita lukwi.

"Wato nan nawa ne daidai," in ji Inna.

"Nan babu kamar naki."

"Can kuma?" Ta nuna ɗakin Sa'adiya da haɓa.

"Can ba ya cin abinci, Inna. Naki ya fi ƙarfin cikinsa."

Inna ta koma kan niƙanta. Naja'atu ta yi sallama ta tafi, ba ta taɓa keken ba, ba ta kuma roƙa ba. Ta ce a hanya har ta fara shirya yadda za ta gaya wa Bushira.

Ranar Alhamis da sassafe Baba ya ce in rufe rumfa in ɗauke shi a babur, shi sai ya ji da kunnensa. Muka haɗu da Malam Hadi a Garo, yana rataye da jaka cike da ƙyallaye, da takardarsa a aljihun gaba. Naja'atu ba ta nan. Muka kira Lukuman, ya ce tun da asuba aka yi mata waya daga Lakwaya, ta fita ko karyawa ba ta yi ba.

Gidan farko, ba mu gama gaisawa da maigida ba keke ya kama ruri daga ciki, mai shi ta ƙagu. Gida na biyu haka, na uku haka. Ƙyalle ya shiga, ƙyalle ya fito da kalmasa. A gida na biyar Malam Hadi ya tsaya yana shafa gemu.

"Baba, anya ba keke ɗaya ake zagayawa da shi ta bayan gida ba?"

"Haba Malam. Kai in 'ya'yanka suna kuka ba ka bambance su? Na ɗazu yana da ɗan tari. Wannan kuwa ji muryarsa, wasai. Mai shi ce ma take taka shi kamar tana korar akuya."

Daga ciki aka ce, "Baba, ina jin ka fa!" Har Malam Hadi sai da ya yi dariya.

Muka gama Garo, muka yi Kara, muka yi sallar azahar a hanya. Ƙyalle goma sha ɗaya suka koma jaka. Bayan la'asar muka isa Lakwaya. Mijin Sa'adiya, Zainulabidin, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya karɓi ƙyallen ƙarshe ya shiga da shi. Ya dawo ya zauna yana kallon ƙasa.

Shiru. Warin kananzir kawai ke fitowa. Muna jin tattabaru, muna jin wata tana daka a maƙwabta. Malam Hadi ya duba agogo, ya ce shi fa yana so ya isa Kabo da sauran rana. Baba ya shiga ba shi labarin wani keke da ya gyara tun zamanin yana saurayi, labarin da ni na san ba shi da ƙarshe. Malam Hadi ya saurara don ladabi, amma hannunsa yana kan aljihun gaba.

Sai muka ji ƙaf, ƙaf, ƙaf, ya tsaya. Aka sake, ƙaf, ƙaf, ya tsaya.

Baba ya katse labarinsa, ya karkata kunne. Ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba. "Injiniya! Allurar ta sauka da yawa, tana dukan ƙasa!"

"Na gani, Baba!"

"To ɗaga ta mana!"

Wata tsohuwar murya ta amsa daga ciki, "Kai mai rumfa, bar yarinya ta yi aikinta. Gidana ne nan, ba kasuwa ba."

Baba ya kama baki. Zainulabidin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Can sai keken ya ɗauka, a hankali da farko, sannan ya miƙe da gudu, santsi, babu tari babu cijewa. Baba ya rufe ido yana kaɗa kai. Kafin ya tsaya aka rangaɗa guɗa a tsakar gida, maƙwabta suka amsa ba tare da sun san dalili ba.

Inna Zulaiha ce da kanta ta fito da ƙyallen a hannu ɗaya, kwanon ƙuli-ƙuli a ɗayan, Naja'atu tana biye da ita, hannu baƙi ƙirin. Muka gaishe ta. Ta ajiye kwanon a gaban Malam Hadi.

"Kai ne mai cewa mun sayar?"

"Inna, abin da aka gaya mini a ƙofa na rubuta."

"A ƙofa. To ai ba a ƙofa ake ɗinki ba. Kun ba yara keke, ba ku ba su mai, ba ku ba su mai gyara ba, sannan ku zo ku tsaya a zaure kuna tambayar maza. Su me suka sani? Wannan," ta nuna ɗanta, "ko zare bai iya sa wa allura ba. Ci ƙuli, na yau ne."

Malam Hadi ya juya ƙyallen, ya ja kalmasar da ƙarfi, ba ta saki ba. Ya ciro takardar daga aljihu, ya yaga ta biyu, ya sake yagawa. Ya ce ajin mata yana nan, Bushira ta zo ranar Litinin da hotonta guda biyu. Sannan ya gyara zama.

"Malama Naja'atu, idan muka ƙara darasin gyaran keke, za ki koyar?"

"Mata kawai?"

"Da wa kike so?"

"Duk wanda ya zo. Kuma Malam, takardun nan biyu na bango, a mayar da su ɗaya. Wadda take son walda a bar ta ta tsaya a layin walda."

Ya ce darasin gyara yana hannunsa, ya ba ta. Maganar takarda kuwa ba shi kaɗai ke yankewa ba, amma zai kai ta gaba, kuma zai faɗi abin da ya ji yau da kunnensa. Ta ce ta yarda, za ta riƙa tuna masa duk Litinin.

"Kin ji ko," in ji Baba, yana tauna ƙuli da 'yan haƙoran da suka rage masa. "Yanzu kin zama malama, ni kuma sai zaman rumfa."

"Kai za ka riƙa zuwa jarrabawa, Baba. A zaure za mu ajiye ka, ka saurara."

Muna cikin haka wata mata ta leƙo ta saman katangar maƙwabta, iya idonta da goshinta ake gani.

"Inna, mai gyaran ba ta tafi ba ko? Nawa tun bayan Sallah yake tsallake ɗinki."

"Me kika sa masa?" Inna Zulaiha ta tambaya.

Matar ta noƙe kai bayan katangar.

"Na sani. A wurina kika saya. Je ki, 'yar Garo, ki bi da ita a hankali, ba laifinta ba ne."

Naja'atu ta goge hannu da tsumma, ta ɗebi ƙuli-ƙuli uku ta jefa a jaka. Ta ce in ajiye mata man keke kwalba shida zuwa ranar kasuwa, ta ce wa Baba ya gaida gida. Ta rataya jakar, sukudireba da filaya suna ƙara a ciki, ta zagaya ta ƙofar maƙwabta ta yi sallama. Muna ji aka amsa mata, ta shige.